Kwatanta Shekarun Kalanda a Harshen Kwamfuta na Java

1.0 Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗan firamare tsakanin 1960 da 1963 wace shekara ce ta riga zuwa, ba zai yi dogon tunani ba kafin ya ba da amsa. Wannan ne ya sa mutane da yawa ke ɗaukar kwatanta shekaru a matsayin aiki mafi sauƙi da za a ɗora wa kwamfuta. Sai dai a ofishin fansho, da rajistar ɗalibai, da ɗakin ajiye tsofaffin rubuce-rubucen hannu, kuskure ƙanƙani wajen wannan kwatanci yana iya sa a sallami ma'aikaci kafin lokacinsa, ko a jera takardun tarihi ba bisa yadda suka gabaci juna ba. Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ake kwatanta shekarun kalanda a harshen kwamfuta mai ginuwa bisa abubuwa, tare da ɗaukar Java a matsayin misali. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, lambar shekara ba ta da cikakkiyar ma'ana sai an san kalandar da aka ƙirga ta da ita, da inda ƙirgen ya fara, kuma hikimar wannan tsari na harshe ita ce ya ɗaure lambar da waɗannan bayanai wuri guda.

2.0 Ma'anar Harshe Mai Ginuwa Bisa Abubuwa

Harshen kwamfuta tsari ne na kalmomi da ƙa'idoji da ake rubuta wa na'ura umarni da shi. A tsofaffin harsuna, bayanai suna gefe guda, umarnin da ke sarrafa su kuma yana wani gefe. A shekarun 1960 wasu masana biyu a birnin Oslo na ƙasar Norway, wato Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, suka fito da harshen Simula, wanda ya haɗa bayani da ayyukan da suka dace da shi a dunƙule guda. Daga nan ne harsunan Smalltalk da C++ suka ɗauki darasi, har zuwa Java, wanda kamfanin Sun Microsystems ya bayyana a 1995 ƙarƙashin jagorancin James Gosling.

Kalmomi uku ne ginshiƙan wannan tsari. Ta farko ita ce rukuni, wanda za a iya kamanta shi da mazubin bulo. Ta biyu ita ce abu, wato bulon da aka zuba daga mazubin. Ta uku ita ce aiki, wato umarnin da kowane abu na rukunin yake amsawa. A nan kamancin ya ɗan gaza, domin bulo ba ya amsa tambaya, amma abin da ke cikin kwamfuta yana amsawa. Idan aka ƙera rukuni don shekara, to kowace shekara da aka zuba daga gare shi tana ɗauke da lambarta, kuma ana iya tambayarta ko ta gabaci wata, ko kwana nawa ne a cikinta.

3.0 Daga Tsohon Tsari Zuwa Sabo

Java bai fara da rukunin shekara ba. A fitowarsa ta farko a 1996, rukunin Date ne ke kula da kwanan wata, kuma yana da wata ɗabi'a da ta wahalar da masu aiki da shi: idan aka nemi shekara, yakan ba da lambar bayan ya ɗebe 1900. Shekarar 1996 takan fito a matsayin 96, shekarar 2000 kuwa ta fito a matsayin 100. Duk wanda ya saba liƙa 19 a gaban amsar, sai ya wayi gari manhajarsa na nuna 19100. Har ila yau, watanni a wannan tsari daga sifiri suke farawa, Janairu ne 0, Disamba kuma 11. A 1997 aka ƙaro rukunin Calendar da GregorianCalendar, waɗanda suka gyara batun 1900 amma suka bar ƙirgen watanni yadda yake.

Gyara na sosai ya zo ne a watan Maris na 2014, lokacin da Java 8 ya fito da sabon kundin lokaci mai suna java.time, wanda Stephen Colebourne ya jagoranci tsara shi. A cikinsa ne aka sami rukunin Year, wanda ba ya ɗauke da wata ko rana, sai shekara tsantsa bisa mizanin duniya na ISO 8601.

4.0 Hanyoyin Kwatanci

Hausa na da kalmomi mabambanta na kwatanci: wannan ya riga wancan, wannan ya biyo bayan wancan, wannan daidai yake da wancan. Rukunin Year ma ya tanadi aiki daban ga kowace irin tambaya. A duba wannan misali:

(1) Year a = Year.of(1960);
Year b = Year.of(1963);

An zuba abubuwa biyu ke nan, a da b. Idan aka rubuta a.isBefore(b), ana tambaya ne ko a ta riga b, amsa kuma ita ce gaskiya. Idan aka rubuta a.isAfter(b), ana tambaya ko a ta biyo bayan b, amsa ita ce ƙarya. Akwai kuma a.compareTo(b), wanda lamba yake mayarwa: lamba ƙasa da sifiri idan a ce ta riga, sifiri idan shekara guda ce, lamba sama da sifiri idan b ce ta riga. Wannan na ƙarshen shi ake dogara da shi wajen jera shekaru masu yawa daga farko zuwa ƙarshe.

4.1 Abu Guda da Abubuwa Masu Daraja Ɗaya

Wurin da sababbin ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne tambayar daidaito. Idan Bahaushe ya ce riga ɗaya Audu da Bala suke sawa, maganar na iya ɗaukar ma'ana biyu: ko dai riga guda ce suke karɓa-karɓa, ko kuma riguna biyu ne iri ɗaya. Mai sauraro yakan gane wadda ake nufi daga yanayin zance. Java kuwa ya raba ma'anonin biyu da alamomi daban-daban. Alamar == tana tambayar ko abu guda ne ake kira da suna biyu, aikin equals kuma yana tambayar ko abubuwan biyu darajarsu ɗaya. Saboda haka idan aka zuba shekarar 1960 sau biyu, equals zai ce daidai suke, amma == na iya cewa ba haka ba, domin bulo biyu ne, ko da yake daga mazubi guda suka fito.

Wannan tarko ya fi muni ga wanda ya ajiye shekara a rukunin Integer, wato rukunin cikakkun lambobi. Java yakan tanadi abu guda tak ga kowace lamba daga -128 zuwa 127, ya riƙa maimaita amfani da shi. Don haka wanda ya gwada manhajarsa da ƙananan lambobi kamar 5 ko 99 zai ga == na ba da amsa daidai, sai ya saki jiki. Ranar da aka shigar da 2024 sau biyu, a tsarin da aka saba, amsar sai ta zama ƙarya, alhali babu wani gargaɗi da na'urar za ta yi.

4.2 Shekara a Matsayin Rubutu

Wani kuskuren kuma shi ne ajiye shekara a matsayin rubutu. Kwamfuta tana jera rubutu ne yadda ƙamus ke jera kalmomi, harafi bayan harafi daga hagu. Ta wannan hanya 1066 za ta riga 999, tun da 1 na gaban 9. Muddin shekarun duka masu lamba huɗu ne ba za a ga aibin ba, sai ranar da masanin tarihi ya shigar da shekara mai lamba uku.

Mai kama da wannan ita ce matsalar gajarta shekara zuwa lamba biyu, wadda ta tayar wa duniya hankali gab da shekarar 2000, domin a lissafi 00 ba ta kai 99 ba. Har yanzu ragowar matsalar na nan. Tsohon rukunin SimpleDateFormat yakan fassara lamba biyu cikin tazarar shekara 80 baya da 20 gaba daga lokacin da ake aiki, sabon tsarin java.time kuwa yakan sa ta tsakanin 2000 da 2099. Idan a 2025 aka ba su lambar 65, na farko zai karanta 1965, na biyu ya karanta 2065. Tazarar ƙarni guda ke nan a kan takardar haihuwar mutum ɗaya.

5.0 Shekarun da Ba Su Yi Tsawo Ɗaya Ba

Shekarun Miladiyya iri biyu ne, mai kwana 365 da mai kwana 366, wadda malaman hisabi ke kira kabisa. Ƙa'idar ita ce, duk shekarar da 4 ta raba daidai kabisa ce, in ban da cikon ƙarni, wanda sai 400 ta raba shi. Shi ya sa 2000 ta zama kabisa, 1900 ba ta zama ba, 2100 ma ba za ta zama ba. Rukunin Year ya san wannan ƙa'ida: aikin isLeap yana faɗin ko shekara kabisa ce, aikin length kuma yana faɗin yawan kwanakinta. Amfanin barin wannan hukunci a hannun rukuni shi ne, kuskure a nan yana da wuyar gogewa. Manhajar lissafi ta Excel tana ɗaukar 1900 a matsayin kabisa, ɗabi'ar da ta gada daga Lotus 1-2-3 kuma aka bar ta da gangan don kada tsofaffin takardu su rikice.

Ita kanta ƙa'idar tana da tarihi. Paparoma Gregory na 13 ne ya kafa ta a 1582, inda aka tsallake kwana goma, Alhamis 4 ga Oktoba ta wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba. Ƙasashe ba su karɓe ta lokaci guda ba. Ingila sai a 1752 ta bi, inda 14 ga Satumba ta biyo bayan 2 ga Satumba, Rasha kuwa sai a 1918. Kafin gyaran, kalandar Juliyas ake bi, wadda ke ɗaukar kowace shekara ta huɗu a matsayin kabisa ba tare da togiya ba. A nan rukunan Java biyu suka saɓa wa juna. Tsohon GregorianCalendar yana bin kalandar Juliyas kafin 15 ga Oktoba 1582, don haka a wurinsa 1500 kabisa ce. Rukunin Year kuwa yana miƙa ƙa'idar Gregory baya har zamanin da ba a ƙirƙiro ta ba, don haka a wurinsa 1500 kwana 365 gare ta. Kowanne ya amsa daidai bisa kalandar da yake bi, kuma wajibi ne mai bincike ya san da wacce aka rubuta takardar da ke hannunsa.

6.0 Shekarun Kafin Miladiyya

Ƙirgen Miladiyya, wanda wani malamin coci mai suna Dionysius Exiguus ya tsara a 525, ba shi da shekarar sifiri. Daga shekara ta 1 kafin Miladiyya sai shekara ta 1 Miladiyya. Bugu da ƙari, kafin Miladiyya lambobi baya-baya suke tafiya, 63 ta riga 44. Tsohon rukunin Calendar yakan ba da lambar shekara ba tare da zamaninta ba, sai an nemi zamanin daban, saboda haka wanda ya kwatanta lambobin kawai zai kifa tarihi. Rukunin Year ya warware wannan ta hanyar ba shekara ta 1 kafin Miladiyya lambar 0, ta 2 lambar -1, haka har baya.

Rayuwar Sarkin Rum Agustus ta isa misali. An haife shi a watan Satumba na shekara ta 63 kafin Miladiyya, ya rasu a watan Agusta na shekara ta 14 Miladiyya. Wanda ya haɗa 63 da 14 zai sami 77. A ƙirgen Year shekarar haihuwarsa -62 ce, tazarar kuwa 76. Amma da yake ya rasu kafin zagayowar watan haihuwarsa, shekara 75 ya cika a duniya. Amsoshi uku ke nan, biyu daga cikinsu kuskure ne idan shekarunsa ake nema.

7.0 Tazarar Shekaru da Cikar Shekaru

Misalin Agustus ya nuna cewa ɗebe wata shekara daga wata ba shi ne lissafin shekarun mutum ba. Wannan batu ya shafi abincin mutane kai tsaye. A aikin gwamnatin tarayyar Nijeriya, ma'aikaci yakan yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Alal misali, a ce an haifi ma'aikaci ranar 20 ga Disamba 1965. Manhajar da ke ɗebe shekaru kawai za ta ce ya cika 60 tun daga 1 ga Janairu 2025, alhali saura masa kusan shekara guda na aiki da albashi. A irin wannan hali rukunin Year bai wadatar ba, domin bai san wata ko rana ba. Rukunin LocalDate ake buƙata, tare da aikin Period.between, wanda ke ƙirga cikakkun shekaru da watanni da kwanaki tsakanin ranaku biyu.

Ko kalmar bana ma tana da nata sharaɗi. Kalmomin bana da bara da baɗi ba su da tsayayyiyar ma'ana sai an san lokacin da aka furta su, haka ma aikin Year.now, wanda amsarsa ta dogara ga agogon wurin da na'urar take bi. Da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na daren 31 ga Disamba a Ankara ta ƙasar Gana, Legas ta riga ta shiga sabuwar shekara da minti talatin. Akwai kuma shekarar makonni ta mizanin ISO, wadda makonta na farko shi ne mai ɗauke da Alhamis ta farko a Janairu. Bisa wannan ƙirge, Litinin 30 ga Disamba 2024 ta faɗa makon farko na 2025. Wajen tsara yadda za a buga kwanan wata, ƙananan haruffa yyyy na nufin shekarar kalanda, manyan haruffa YYYY kuma shekarar makonni. Wanda ya musanya su ba zai ga illar ba sai a 'yan kwanakin da ke bakin sabuwar shekara.

8.0 Kwatanci Tsakanin Kalandu Daban-daban

Duk bayanan da suka gabata sun shafi Miladiyya ne. Amma Java ya tanadi wasu kalandu huɗu: ta Hijira, ta Japan, ta Minguo da ake amfani da ita a Taiwan wadda ta fara daga 1912, da ta Tailan wadda ke gaban Miladiyya da shekara 543. A Tailan, 2024 ita ce 2567. Kwatanta lambobi tsantsa a nan ba shi da ma'ana ko kaɗan.

Kalandar Hijira ta fi sauran buƙatar lura, domin shekararta kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana goma sha ɗaya. Saboda haka babu tsayayyiyar lamba da za a ƙara ko a ɗebe a sami ɗaya daga ɗaya. Shekarar 2008 ta taɓa shekarun Hijira uku: ƙarshen 1428 a farkon Janairu, da 1429 gaba ɗayanta, da farkon 1430 a ƙarshen Disamba. Tarihin ƙasar Hausa ma na da irin wannan misali. Hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Ɗegel zuwa Gudu ta auku ne a watan Fabrairu na 1804, yaƙin Tafkin Kwatto kuma a watan Yuni na wannan shekara. A Miladiyya shekara guda ce, amma a Hijira na farkon ya faɗa 1218, na biyun 1219.

Mafitar da Java ya bi ita ce saukowa daga shekara zuwa rana. Kowace rana, ko ta wace kalanda ce, ana mayar da ita zuwa yawan kwanakin da ke tsakaninta da 1 ga Janairu 1970, sannan a kwatanta waɗannan lambobi. Ayyukan isBefore da isAfter da isEqual na ranaku haka suke yi. Aikin equals kuwa yana duba kalandar ma, don haka rana guda da aka rubuta da Hijira da kuma Miladiyya, isEqual zai ce ɗaya ce, equals ya ce daban suke.

Akwai iyakoki biyu da ya kamata masu tsara kundin rubuce-rubucen Larabci da na ajami su sani. Na farko, kalandar Hijira da ke zuwa tare da Java ita ce ta Ummul Ƙura ta ƙasar Saudiyya, wadda lissafi ce, ba ganin wata da ido ba, don haka tana iya saɓa wa ranar da aka sanar a Sakkwato da kwana ɗaya ko makamancin haka. Na biyu, jadawalinta daga 1300 ya fara zuwa 1600, kuma 1300 ta kama ne a ƙarshen 1882. Ke nan duk abin da aka rubuta a zamanin Shehu, wanda ya rasu a 1232 daidai da 1817, yana wajen wannan jadawali. Mai irin wannan aiki sai ya nemi wani jadawalin lissafi, kuma idan shekarar Hijira kaɗai marubuci ya sa a ƙarshen littafi ba tare da wata ba, abin da ya dace shi ne a ajiye ta a matsayin tazara mai farko da ƙarshe, tun da galibi ta ratsa shekarun Miladiyya biyu.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi hanyoyin da harshen Java ya tanada don kwatanta shekaru, daga tsohon rukunin Date zuwa rukunin Year, ta kuma nuna wuraren da lamba tsantsa ke yaudarar mai aiki da ita: wajen bambanta abu guda da abubuwa masu daraja ɗaya, da gajarta shekara, da shekarun kabisa, da rashin shekarar sifiri, da saɓanin kalandu. Kafin a rubuta umarnin kwatanci, akwai tambayoyi uku da ya kamata a amsa. Shin shekarun biyu na kalanda guda ne? Shin shekara kaɗai ake son kwatantawa, ko cikar lokaci har zuwa rana? Shin da agogon wane wuri ake ƙirge? Idan kalandar guda ce kuma shekara kaɗai ake nema, rukunin Year ya wadatar. Idan cikar shekarun mutum ake nema, sai an koma ga cikakken kwanan wata. Idan kuwa kalandun sun bambanta, sai an mayar da su zuwa ƙirgen kwanaki kafin a yanke hukuncin wadda ta riga.